Kan da Aka Ɗora a Cinyar Batula

A Dutsin-Ma in ka ce wa mace Batula, za ta tambaye ka wacce daga ciki. Amma in ka ce Batula mai kitso, sai ka ga ta kai hannu ƙeyarta ba ta ma sani ba. Hannun Batula da zafi, kuma ba ta iya ba da haƙuri ba. Kina cije baki kina hawaye za ta ce, "Ke dai tsaya, mai son ado ba ta raki." In an gama aka miƙo miki madubi kuwa, sai ki yafe mata har da na gaba.

'Yar Kurfi ce. Kakarta Gogo ce ta raine ta, wata Bafulatana doguwa da ta shigo gari bayan shanun gidansu sun ƙare, Fulatancin ma bai rage mata ba sai na faɗa. Gogo ba ta koya wa Batula kitso da baki ba, da ranƙwashi ta koya mata. A kan gemun masara ta fara, daga nan ta koma kan ƙannenta, waɗanda har yau in sun tuna sai sun ce Allah ya isa cikin dariya.

Akwai abu ɗaya da Gogo ba ta wasa da shi. Idan an gama kitso, sai an tattara duk silin gashin da ya zuba, na kan tabarma, na bakin mataji, na jikin zane, a dunƙule shi a danƙa wa mai shi a hannu. Ita ta san inda za ta kai abinta, ko ramin katanga ko ƙarƙashin ƙasa. Wasu matan na cewa in tsuntsu ya yi sheƙa da gashin mutum ba ya rabuwa da ciwon kai, wasu na cewa da shi miyagu ke yin sammu. Wata rana Batula ta tambayi Gogo wanne ne gaskiya.

"Ni ban san tsuntsu ba, ban san boka ba," in ji tsohuwa. "Na dai san nata ne. Mace ta cire ɗankwali ta ɗora kanta a cinyarki, ta ba ki abin da ba ta ba kasuwa ba. Ko sili ɗaya kada ya fita ɗakin nan sai a hannunta."

Da wannan Batula ta girma, da shi ta yi aure. Mijinta Garba direban bas ne, yana jigila tsakanin Dutsin-Ma da Katsina, kullum sai ya ratsa Kurfi ya kwaso mata labarin gida. A ɗakin da ke kusa da zaure ta shimfiɗa tabarmarta ta rataya labule shuɗi, aiki ya buɗe. Matan ma'aikata suna zuwa, amaren Shema da Kutawa ana kawo su a keke mai ƙafa uku, ga kuma 'yan jami'a da surutunsu kamar an kunna injin niƙa. Kowacce in za ta tashi sai an sa mata dunƙulen gashinta a tafin hannu. 'Yan makarantar dariya suke yi, su ce, "Anti, me za mu yi da wannan?" Ta ce, "Ku ci da tuwo in kun ga dama, ni dai na ba ku."

Su ɗin ne kuma suka koya mata waya. Suka ce zamani ya wuce a zauna jiran mai zuwa, ta riƙa ɗaukar hoton aikinta tana ɗorawa a Watsaf, a wurin nan da hoto ke yini ya kwana ya ɓace da kansa. Ta gwada, ta ga kuwa ciniki ya ninka. Sai ta kafa wa kanta doka: ƙeya kawai take ɗauka, banda fuska, kuma sai ta tambaya. Shekara da shekaru ba ta taɓa karya ta ba, sai rana guda.

Cikin masu zuwa wurinta akwai Hafiza, 'yar maƙwabtansu ta Kurfi, wadda ta gama karatu ta koma gida tana koyar da matan aure a wata Islamiyya. Yarinya ce mai hijabi har ƙasa, ko kunnenta ba wanda zai ce ya taɓa gani. Amma a ƙarƙashin hijabin nan akwai gashi, tubarkalla, baƙi wuluk mai cika hannu, irin wanda makitsiya ke gani ta manta da yunwa. Hafiza takan hau mota tun daga Kurfi don kitso kawai, ta ce kanta bai san hannun kowa ba sai na Batula.

Ana jajibirin ƙaramar Sallah ta zo. Batula ta yi mata shuku ƙanana, tsaga ta fita tas kamar an ja da zare. Ita kanta ta san ba ta taɓa yin irinsa ba.

"Malama, in ɗauka?"

"Baya kawai, Anti Batula."

Ta ɗauki bayan. Sai bakin nan nata da ba ya zama shiru ya ce, "Wannan kai dai asara ake yi, mai rabo bai san me ke jiransa ba." Hafiza ta juyo tana dariya za ta rama, daidai lokacin yatsan Batula ya sake taɓa waya. Hoton ya fita, ga kitso, ga fuska, ga dariya, ga rigarta ta atamfa mai kaiwa har wuya, ga shuɗin labule a baya. Hafiza ba ta lura ba. Ta karɓi dunƙulen gashinta, ta sa hijabi ta tafi.

Batula ta yi ta kallon hoton nan. Ba mugunta ba ce ta ja ta, kada a ɗora mata abin da ba ta yi ba. Son a gani a yaba ne, ciwon duk mai sana'ar hannu. Ta ce a ranta, ai duk masu lambata mata ne, mace ta ga kan mace ina laifi? Ta ɗora.

To, a nan ta yi kuskuren da ya kamata a ce ta fi kowa saninsa. Lambar da ta rubuta wa suna Maman Talha, wayar a aljihun Baban Talha take yini. Ta amaryar Kutawa a hannun ƙanin miji take, wata kuma a shagon masu caji take kwana. A ƙauyukan nan waya ɗaya gida guda take yi wa aiki, kamar turmi. Kafin la'asar zuciyar Batula ta soma sukarta, ta sauke hoton, ta yi istigfari, ta ɗauka magana ta mutu. Na cikin wayarta kuwa ta kasa goge shi, don ya yi kyau.

Sai da aka yi girbi aka shigar da amfani gida sannan abin ya dawo. Wata mata ce kwance a cinyarta ana mata tsifa, ta ɗago waya ta ce, "Innalillahi! Batula, kin ga abin da ake yawo da shi? Malamar nan ta garinku."

Batula ta leƙa. Fuskar Hafiza ce, da dariyarta, a kan jikin wata mace da babu ko ƙyalle. Ba atamfa, ba shuɗin labule, wani ɗaki ne daban da ba ta taɓa gani ba. Amma idonta ba can ya tsaya ba. Kan ta kalla, ta ga shukunta, ta ga tsagarta, ta ga inda ta karkata layin ƙarshe ta bayan kunne kamar yadda Gogo ke yi. Kibiyar tsaga ta suɓuce daga hannunta. Matar ta ɗauka kaɗuwa ce irin ta kowa.

Ta yi kwanaki tana jiran wata ta gane aikinta. Ba wadda ta gane. Duk garin an kalli hoton, amma ba wanda ya kalli kitso.

Ni abin da ke ba ni haushi da mutanenmu ke nan. Ba wanda ya tura hoton nan da sunan yana jin daɗi, a'a, kowa da addu'arsa yake haɗawa. Wannan ya tura ya rubuta "Allah ya shirya mana zuri'a", wancan ya tura ya rubuta "Allah ya rufa mana asiri", yana roƙon a rufa nasa yana yaye na wata da babban yatsa. Samarin da suka san waya sun faɗa, sun ce aikin na'ura ne, yanzu akwai manhajar da ake ba ta fuskar mutum ta ƙera masa jikin da ba nasa ba. Sai masu wayo suka ce, "Mun ji, jiki na ƙarya ne. To kan fa? Wa ya taɓa ganin kan Malama a buɗe? A ina ta cire hijabi tana wa mai ɗauka irin wannan dariya? Ruwa ba ya tsami banza." Kamun kan da Hafiza ta yi shekaru tana yi, shi ya koma shaida a kanta.

Maza suka soma hana matansu zuwa ajinta. Shugaban makarantar, ba da mugun nufi ba, ya ce ta ɗan huta a gida har ƙura ta lafa. 'Yan'uwanta sun kai ƙara, aka ce su kawo wanda ya fara. Ina za a samo wanda ya fara, kowa cewa yake turo masa aka yi?

Dole Batula ta je jaje, rashin zuwan ma abin tambaya ne. Ta tarar da gidan kamar an yi mutuwa. Gwaggon Hafiza, Hajiya Kyauta, wadda ta riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarta, ita ke ta kai-kawo, kuma ta riga ta samo mafita. Hafiza na da tabon ƙuna, tun tana rarrafe kunu ya zubo mata daga ƙirji har gefen ciki. Jikin cikin hoto kuwa sumul yake.

"Ranar Asabar matar liman za ta zo da tsofaffin unguwa," in ji Hajiya Kyauta. "Su shiga ɗaki su duba da idonsu, su fita su ba da shaida. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ko ba haka ba, Batula?"

Daga cikin ɗaki muryar Hafiza ta fito, a dishe. "Gwaggo, su sun tuɓe ni da ƙarya. Ku kuma za ku tuɓe ni da gaske."

"To ya kike so in yi, 'yar nan? In zuba ido sunanki ya mutu?" Tsohuwar ta fashe da kuka, don ita ma ba son abin take ba.

Batula na zaune, wayar na cikin jakarta a kan cinya, tana jin nauyinta kamar dutsen niƙa. Ta ce Allah ya bayyana gaskiya, aka ce amin, ta tashi ta hau mota. Tsoro ne ya rufe mata baki, ba wani abu ba, kuma ta ji kunyar kanta tun daga Kurfi har Dutsin-Ma.

Washegari Garba ya dawo cin abincin rana, rediyonsa na gefe. Wata lauya ake hira da ita a kan irin wannan masifa. Tana cewa wasu ƙasashe sun yi doka ta musamman, wadda ke hukunta duk wanda ya yaɗa hoton tsiraicin mutum, ko na gaske ne ko ƙirƙirarre, har ma a tilasta wa kamfanoni su sauke shi. Ta ce mu ma nan ana ta kiran a ƙarfafa dokokin da ake da su. Mai gabatarwa ya tambaye ta mene ne ginshiƙin irin wannan doka. Ta ce abu ɗaya ne: yardar mai hoton.

Batula ta ajiye ludayi. Ita ba tsiraici ta ɗora ba, wataƙila babu alƙalin da zai kira ta. Amma kalmar nan ta yarda ba sabuwa ba ce a kunnenta. Gogo ba ta taɓa ganin majalisa ba, ta kuwa kafa wannan doka a kan tabarma. Nan take ta gaya wa mijinta komai.

Garba ya ture kwanon abinci gefe. Mutumin kirki ne, amma mutumin kirki mai iyali. "Ki goge shi," ya ce a hankali. "Ba ke kika haɗa ƙazantar nan ba. Tsofaffi za su duba, za su wanke ta, shi ke nan. In kika buɗe baki, wace mace za ta sake cire ɗankwali a ɗakin nan?"

"Babu, Malam. Na sani."

"To?"

"Kanta ta ɗora a cinyata."

Ya kashe rediyo ya fita. Amma ranar Asabar da hantsi, shi ya tsayar da bas a ƙofar gida ya buɗe mata gaba, ya kai ta har Kurfi.

Ta tarar tsofaffi sun hallara a tsakar gida, an shimfiɗa musu tabarma, matar liman na jan carbi. Batula ta gaishe su ta wuce kai tsaye ɗakin Hafiza. Yarinyar na zaune bakin gado, ta rame, hannunta riƙe da wuyan hijabi kamar za a fizge shi. Batula ta durƙusa, ita da ta girme ta nesa ba kusa ba, ta buɗe hoton ta sa mata wayar a hannu.

"Malama, daga nan aka samo kanki. Ni na ɗauka, ni na ɗora, ba ki sani ba. Kin ce baya kawai."

Hafiza ta kalli atamfarta, ta kalli shuɗin labulen da ta sani, ta kalli dariyarta. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi.

"Kina zaune a gidan nan shekaranjiya, Anti Batula."

"Ina zaune."

"Kin ji abin da na ce wa Gwaggo."

"Na ji. Tsoro na ji, ba ni da wata hujja." Batula ta nuna hoton da ke cikin wayar. "Naki ne. In kin yarda su gani, su gani. In ba ki yarda ba, ni zan fita in faɗa da bakina, ko sun yarda ko ba su yarda ba."

Hafiza ta tashi da wayar a hannunta ta fita tsakar gida. Da kanta ta bi tsofaffin ɗaya bayan ɗaya tana nuna musu, ba ta saki wayar ga kowa ba. Matar liman ta gyara tabarau ta duba ta ce, "La'ilaha illallahu. Ga yarinya da rigarta har wuya." Wata ta ce a turo musu hoton su watsa a gari, kowa ya ga gaskiya.

"A'a, Inna," in ji Hafiza. "An gama yawo da kaina. Kun gani, ku faɗa." Ta goge hoton a gabansu ta miƙa wa Batula wayarta ba tare da ta dube ta ba.

Abin da Hajiya Kyauta ta faɗa wa Batula a ranar ba zai maimaitu ba, har Gogo da ke kabari sai da aka ambata. Batula ta sunkuyar da kai ta shanye, ta san ta ci bashin abin da ya fi haka.

Tsofaffi sun ba da shaida, kuma a Kurfi maganar matar liman ba ta faɗuwa ƙasa. Matan aure suka soma komawa aji, ba duka ba. Wanda ya ƙera hoton har yau ba a san shi ba, wataƙila yana sahun gaba a masallaci. Hoton kuma yana nan a wayoyin da ba wanda ya san adadinsu. Magana zarar bunu ce, hoto ya fi ta.

Maganar Garba ta tabbata. Labari ya riga Batula isowa Dutsin-Ma. Matan ma'aikata suka koma wani wuri, aka daina kawo amare, tabarma ta yini a naɗe. Ba ta yi wa kowa ƙorafi ba. Ta koma soya awara a ƙofar gida, in an tambaye ta kitso ta ce hannu ne ke hutawa. Wani lokaci takan zauna ta yi tunanin yadda ta kwashe rabin rayuwarta tana tsince silin gashi daga tabarma don kada tsuntsu ya ɗauka, sannan ta ɗauki kan mutum ɗungurungum ta ajiye a bakin hanya.

Ana gab da azumi, wata safiya, aka yi sallama. Hafiza ce. Ba ta zauna ba sai da ta saki shuɗin labulen ta rufe ƙofa.

"Ina wayar?"

Batula ta miƙa mata. Hafiza ta kashe ta, ta jefa a jakarta, sannan ta cire hijabi. Batula ta ji hawaye ya cika mata ido. Kitson ƙarshe da ta yi mata kafin abin ya faru ne dai bai ƙarasa warwarewa ba, ya cukurkuɗe ya dunƙule, gashin ya kakkarye. Tun da abin ya faru ba ta iya buɗe kanta a gaban kowa ba, ita ma kanta ba ta son taɓa shi.

"Ba wai na huce ba ne, Anti Batula. Kaina ne bai san hannun kowa ba."

Ta kwanta ta ɗora kai a cinyarta. Batula ta ɗebo man shanu ta soma tsifa a hankali, hannun nan mai zafi ranar bai yi zafi ba. Aikin ya kai su har azahar. Gashi ya zuba da yawa. Da aka gama Batula ta bi tabarma, ta bi mataji, ta kakkaɓe zanenta, ta leƙa har ƙarƙashin kujera. Ta dunƙule shi duka ta sa a tafin hannun Hafiza da hannu biyu.

Hafiza ta dube shi ta daɗe, sannan ta ƙulle shi a gefen ɗankwalinta.

"Wannan dai ya dawo," ta ce.

Ta sa hijabinta, ta ajiye wa Batula wayarta a bakin ƙofa, ta fita neman motar Kurfi.